Takobin da Ba Ya Tsatsa

A bayan Ƙofar Ruwa, inda ake auna ƙarfe a sikeli,
akwai shago mai labule, benci biyu,
da fanka mai ciwon wuya.
Naira ɗari, minti ashirin.
Nan ƙanena Nazifi yake zama Bayikin,
mutumin ƙasar ƙanƙara,
shi da zufa ke bin gadon bayansa.

Ranar nan zugazugi ya kwana ba mai hura shi.
Kaka Sallau ya ajiye masaba,
ya zo da kansa, zai ja kunne.
Ya ɗaga labule.
Hannun bai kai kunne ba,
ido ya riga shi faɗawa kan gilashi.

"Wannan fa?"

"Haƙorin Ƙanƙara ke nan, Kaka.
Wata makauniya ta ƙera shi da tauraron da ya faɗo.
Torbal Jan Gemu ya fara riƙe shi,
ya ci tsibiri tara,
aka binne su tare cikin jirgin ruwa.
'Yarsa ta tone kabarin da farce.
Daga ita sai mai ido ɗaya,
sai ɗan'uwan da ya ci amanarsa,
sai ni.
Mako uku ina tara maki."

Yaron da bai san sunan kakan kakansa ba
ya jero salsalar takobi
ko numfashi bai ja ba.

Tsoho ya matsa har hancinsa ya taɓa haske.
Ya bi ruwan takobin da ido, daga ƙota zuwa tsini,
kamar mai taya ɗan akuya.
"Mutum nawa ya sara?"
"Sun fi dubu."
"Ina giɓinsa?"
"Ba ya giɓi. Ba ya tsatsa."
"To maƙaryaci ne.
Ƙarfen da ya sha ƙashi, ƙashi ma ya sha shi.
Ita makauniyar, ya sunanta?"

Nazifi ya latsa nan, ya latsa can.
Duk wanda ya zare shi an rubuta shi da zinariya.
Wadda ta sha hayaƙin, babu.

Sai aka ɗauke wuta.
Teku ya tafi, tsibiri ya tafi,
mako uku suka bi su.
Yara suka yi salati,
mai shago ya fita neman fetur.

A gida Kaka ya durƙusa,
gwiwarsa tana ƙara kamar tsohon ƙyaure,
ya jawo wani abu daga ƙarƙashin gado
a naɗe cikin buhun gishiri.
Kube ya zama gari.
Ruwan ya yi ja kamar ƙasar Dala
inda na farkonmu suka haƙi tama.
Giɓi uku a kaifi, ɗaya har ya ci ɗan yatsa.

Nazifi ya ɗaga da hannu ɗaya.
Ya ƙara na biyu.
Tsintsiyar hannunsa tana rawa.

"Ya sunansa?"
"Ba shi da suna."
"Na wa ne?"
"Wani ya kawo wa kakana gyara,
ya ce zai dawo ranar Laraba."
"Wace Laraba?"
"Jirgin ƙasa bai iso Kano ba tukuna."

Shiru ya zauna tare da mu.
Ban san me yaron ya gani a cikin tsatsar ba,
na dai ga ya shafa babban giɓin
a hankali, kamar mai taɓa tabon wani.

Washegari ya hura wuta har azahar,
gawayi ya shiga ƙarƙashin farcensa.
Da la'asar Kaka ya kwance bakin aljihu,
ya miƙa masa ɗari, duk ta yi laushi.
"Je ka wajen masu gemun nan.
Kada ka sari kowa.
Tambayo mini sunan matar."